Amsar tambaya: Daga ina kiɗan jaz ya fito, kuma ta yaya kunne zai saba da shi?

Wani matashi ya aiko da tambaya cewa ya daɗe yana jin ana yabon kiɗan jaz, sai ya nemo kaɗan ya saurara, amma abin da ya ji ya yi masa kama da hayaniya: kowane makaɗi ya kama gabansa, babu waƙar da za a bi, babu kuma inda kunne zai dafa. Yana so ya san asalin kiɗan da hanyar da zai bi ya ji daɗinsa.

Ɗan'uwa, abin da ya same ka yana samun kusan duk wanda ya shiga jaz ta tsakiya, kuma dalilinsa a fili yake. Kunnenmu ya tashi ne a kan waƙar da magana ke jan ragamarta, kiɗa kuma yana biye da ita a baya, don haka idan aka cire magana sai mu ji kamar an cire mana igiyar da muke riƙe da ita. To amma akwai wani abu da ka riga ka sani wanda zai buɗe maka ƙofar. Ka san yadda mawaƙin baka yake kafa gindin waƙa, 'yan amshi su riƙe masa shi, shi kuma ya riƙa saƙa ɗiyan waƙar nan take gwargwadon wanda ya gani a fage da abin da ya faɗo masa a rai, kamar yadda aka san marigayi Mamman Shata da yi. Jaz a kan irin wannan tsari yake tafiya, sai dai a nan ƙaho ne ko piyano yake yin aikin bakin mawaƙi. Akwai gindi da makaɗan suka amince da shi tun kafin su fara, sannan kowa a ba shi fage ya faɗi tasa a kansa. Wanda bai riƙe gindin a ransa ba, dole ya ji kamar an watse.

Kiɗan ya tsiro ne a birnin New Orleans na jihar Louisiana a kudancin Amurka, kusa da inda kogin Mississippi yake faɗawa teku. Faransawa ne suka kafa birnin a 1718, Sifaniyawa suka mulke shi na wani lokaci, sannan Amurka ta saye yankin daga hannun Faransa a 1803. Tashar jiragen ruwa ce, kuma babbar kasuwar bayi ce. Abin da ya bambanta ta da yawancin biranen Amurka shi ne akan bar bayi su taru ran Lahadi a wani fili da aka sani da Congo Square, su yi ciniki, su buga ganguna, su yi rawa, alhali a wurare da dama an hana bawa taɓa ganga saboda iyayen giji suna tsoron a aika saƙon bore da ita. Ta haka wasu ɗabi'un kiɗan Afirka suka rayu a wurin: jagora ya kira a amsa masa, a ɗora bugu a kan wani bugu daban su riƙa saɓawa suna haɗuwa, a lanƙwasa murya tsakanin sauti da sauti maimakon a tsaya cak a kan ɗaya. Ko banjo, wadda ta yi aiki sosai a jaz na farko, bayi ne suka fara ƙera ta da ƙwarya da fata, kuma dangin molo da gurmi ce.

Bayan an soke bauta a 1865, magudanan ruwa da yawa suka haɗu a birnin. Akwai waƙoƙin aiki na gonakin auduga da rake, akwai waƙoƙin ibada na majami'un baƙar fata, akwai kuma bulus, waƙar mutum ɗaya da damuwarsa, wadda aka fi gina ta a kan layi uku: a faɗi magana, a maimaita ta, a rufe da layi na uku. Akwai ragtaim, kiɗan piyano da ake rubutawa a takarda, wanda Scott Joplin ya shahara da shi tun 1899. Sannan akwai badujala. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai na baƙar fata sukan ɗauki 'yan badujala su raka gawa makabarta da kiɗa mai sanyi da nauyi, idan an binne an juyo gida sai kiɗan ya sauya ya yi zafi, jama'ar unguwa su biyo baya suna rausaya. Har yau ana yin wannan al'ada a can.

Wariyar launin fata ma ta taka rawa ta hanyar da masu kafa ta ba su nufa ba. A birnin akwai barbarar yanyawa masu jin Faransanci da ake kira Kiriyol, da yawansu sun koyi karanta rubutun kiɗa irin na Turai kuma suna ɗaukar kansu sama da sauran baƙaƙe. Da dokokin wariya suka tsananta, musamman bayan hukuncin kotun ƙoli na 1896 da ya halatta raba farare da baƙaƙe a wuraren jama'a, sai aka jefa su a kwando ɗaya da waɗanda suke rainawa. Mai ilmin takarda ya zauna kusa da mai kiɗa da ka, kowa ya ɗebi na ɗan'uwansa. Mutumin da tsofaffin makaɗan birnin suka fi ambata a matsayin na farko shi ne Buddy Bolden, mai busa ƙaramin ƙaho, wanda aka kai asibitin masu taɓin hankali a 1907 ya zauna can har rasuwarsa a 1931, kuma babu wani faifai nasa da ya iso gare mu. Faifan jaz na farko da ya shiga kasuwa a 1917 na wata ƙungiyar fararen fata ce mai suna Original Dixieland Jass Band. Wannan abu, wato baƙaƙe su ƙago wasu su riga su cin moriya, ya daɗe yana bin kiɗan, kuma yana daga cikin abin da ya sa ake jin ɗaci a cikin zaƙinsa.

A jaz na farkon nan, ƙaho uku ne suke busa lokaci guda: ɗaya ya riƙe karin waƙar, ɗaya ya riƙa yi masa ado daga sama, ɗaya ya tokare daga ƙasa. Wanda ya sauya wannan shi ne Louis Armstrong, kuma ina so ka daɗe a kansa. An haife shi a 1901 cikin matsanancin talauci, ya koyi busa a gidan gyaran tarbiyyar yara inda aka kai shi bayan ya harba bindiga sama a daren sabuwar shekara. A 1922 ya bi ubangidansa King Oliver zuwa Chicago, lokacin da dubban baƙar fata suke barin kudu suna neman aiki a masana'antun arewa. Tsakanin 1925 da 1928 ya yi jerin faya-fayai da ƙananan ƙungiyoyinsa da ake kira Hot Five da Hot Seven, kuma a cikinsu ne ya nuna cewa mutum ɗaya zai iya fitowa gaba ya gina sabuwar waƙa a kan tsohuwa, mai farko da tsakiya da ƙarshe, ba tare da ya rubuta komai ba. Ka nemi “West End Blues” na 1928. Yana buɗe shi shi kaɗai da ƙaho, busar ba ta kai rabin minti ba, tana gangarowa ta hau ta sake saukowa, kuma makaɗa sun shafe shekaru suna haddace ta. Can kusa da ƙarshe yakan riƙe sauti ɗaya ya ja shi har numfashinka ya nemi tsayawa, sannan ya sake shi ya zubo. A ganina duk wanda wannan minti uku bai motsa shi ba, bai kamata ya yi gaggawar wucewa gaba ba, gara ya sake ji. Minti ukun ma akwai dalilinsa: abin da fuska ɗaya ta faifan garmaho na lokacin take iya ɗauka ke nan.

Shekarun 1930 zamanin manyan ƙungiyoyi ne masu mutum fiye da goma, kuma a lokacin jaz shi ne kiɗan rawa na matasan Amurka baki ɗaya. Count Basie ya fito daga Kansas City da kiɗa mai sauƙin bi da tsananin motsa jiki, Benny Goodman ya kai jaz babban zauren Carnegie na New York a 1938 tare da makaɗa baƙaƙe da farare a dandali ɗaya. Wanda ya fi su zurfi shi ne Duke Ellington. Daga 1927 zuwa 1931 ƙungiyarsa tana wasa a Cotton Club na unguwar Harlem a New York, gidan rawar da baƙaƙe suke kiɗa amma farare ne kawai ake bari su shiga kallo. Hikimarsa ita ce yana tsara kiɗa ne don muryar wani mutum takamaimai a cikin yaransa, shi ya sa wasu suka zauna da shi tsawon rayuwa, kamar Harry Carney da ya shiga a 1927 kuma bai bar ƙungiyar ba har Ellington ya rasu a 1974. Idan kana kewar muryar ɗan'adam, a wannan zamanin za ka same ta: Ella Fitzgerald mai tsabtar murya da iya wasa da sauti ba tare da kalmomi ba, da Billie Holiday wadda a 1939 ta rera “Strange Fruit”, waƙar da take kwatanta gawarwakin baƙar fata da ake rataye a bishiyoyin kudu da wasu baƙin 'ya'yan itace. Kamfanin da take yi wa aiki ya ƙi ɗaukar waƙar, sai wani ƙaramin kamfani ya fitar da ita.

Ina kyautata zaton abin da ka fara ji ya ruɗa ka daga zamanin da ya biyo baya yake. A farkon shekarun 1940 wasu matasan makaɗa, bayan sun tashi daga aikinsu na kiɗan rawa, sukan haɗu cikin dare a wurare irin su Minton's a Harlem su yi wa kansu kiɗa. Charlie Parker mai saksafon (wani abin busa na tagulla mai lanƙwasasshen baki), Dizzy Gillespie mai ƙaho, Thelonious Monk mai piyano da Kenny Clarke mai ganguna suna cikinsu. Sun ƙara sauri, sun cusa ƙarin sautuka a cikin tsarin tsofaffin waƙoƙi, Clarke kuma ya ɗauke aikin riƙe bugu daga babbar gangar ƙafa ya mayar da shi kan farantin tagulla, ya bar gangar don jefa martani a inda ba a zata ba. Wannan salo shi ake kira bibof. Ƙungiyar makaɗa ta shiga yajin ɗaukar faifai daga 1942 zuwa 1944, saboda haka jama'a ba su ji yadda salon ya yi rarrafe ba, sai kawai suka gan shi da gudunsa a 1945, kuma su ma ya gigita su kamar yadda ya gigita ka. Daga nan jaz ya tashi daga kiɗan rawa ya koma kiɗan zama a saurara. Parker ya rasu a 1955 yana da shekara 34, miyagun ƙwayoyi da giya sun gama da jikinsa.

Bayan wannan rassan sun yi yawa. Shekarar 1959 kaɗai ta ba da “Kind of Blue” na Miles Davis mai ƙaho, da “Time Out” na Dave Brubeck, da faifan Ornette Coleman da ya fara sakin ragamar tsarin gaba ɗaya. A Disamban 1964 John Coltrane mai saksafon ya ɗauki “A Love Supreme”, kiɗa mai kashi huɗu da ya yi don godiya ga Ubangiji. A ƙarshen shekarun 1960 Miles ya shigo da jita da piyano masu lantarki. Waɗannan za su jira ka.

Yanzu ga yadda ake sauraro. Mafi yawan jaz da ƙananan ƙungiyoyi suke yi yana bin hanya ɗaya. Da farko a busa taken, wato karin waƙar da aka amince da shi. Sannan makaɗa su karɓi fage ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe a sake busa taken a rufe. Abin da sabon mai sauraro ba ya lura da shi shi ne taken bai tafi ko'ina ba lokacin da wani yake nasa fagen: mai piyano da mai bes, wato babban gogen nan da ake tsayar da shi a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarsa da yatsa, suna ci gaba da zagaya tsarin sautukan taken daga farko zuwa ƙarshe, su koma farko, ba ƙari ba ragi. Tsawon zagayen a ƙidaye yake. Idan ka ƙirga bugu huɗu a matsayin gaɓa ɗaya, bulus gaɓa 12 ne, yawancin sauran waƙoƙin kuma gaɓa 32 ne da aka kasa huɗu: takwas na farko, a maimaita su, a kawo takwas na daban da ake kira gada, a koma na farko. Don haka aikinka na farko shi ne ka ji taken sau da yawa har ka iya rera shi a zuci, sannan ka ci gaba da rera shi a ranka yayin da mai ƙaho yake nasa. Nan take za ka fara jin inda ya bi taken, inda ya kauce, inda ya yi kamar ya ɓace sai ga shi ya sauka daidai kan farkon sabon zagaye. Daɗin jaz mafi girma yana cikin wannan tafiya da dawowa.

Ka gwada da “Moanin'” na Art Blakey mai ganguna da ƙungiyarsa, na 1958, domin zai zo maka kamar ɗan gida. Piyano ne yake kira, ƙaho da saksafon su amsa da sauti biyu, tamkar jagora da 'yan amshi. Lee Morgan, wanda shekararsa 20 a lokacin, shi ne yake fara karɓar fage da ƙaho, kuma idan ka kasa kunne a ƙarshen nasa za ka ji Benny Golson mai saksafon ya ɗauki jimlar da ya ƙare da ita ya buɗe nasa fagen da ita, kamar mutumin da ya karɓe zance daga bakin abokinsa. Irin wannan lura ita ce jin jaz. Bayansa ka ɗauki “So What”, waƙar farko a “Kind of Blue”. A nan bes ne yake kira a amsa masa. Tsarinta gaɓa 32 ne: 16 a kan sauti ɗaya, takwas a ɗan ɗaga sama kaɗan, takwas a dawo. Ka yi ƙoƙari ka kama lokacin da ake ɗagawar da lokacin da ake saukowa, kowane zagaye yana ɗaukar kusan minti ɗaya. Miles yana shigowa wajen minti ɗaya da rabi, kuma abin lura a wurinsa shi ne yawan shirun da yake bari tsakanin jimla da jimla. Coltrane yana biyo shi da ambaliyar sautuka, Cannonball Adderley ya zo da fara'a da zaƙi, Bill Evans ya rufe a hankali da piyano. Mutum huɗu ne a kan gindi ɗaya, kowa da halinsa, kuma ranar da ka iya gane wane ne yake busa ba tare da ka duba suna ba, kunnenka ya buɗe.

Shawarata a nan ita ce ka saurari waƙa ɗaya sau huɗu ko biyar, kowane karo ka bi kayan kiɗa guda. Karo ɗaya ka bi bes kaɗai, ka ji yadda yake taka sauti ɗaya a kowane bugu kamar mai tafiya a ƙasa. Karo na gaba ka bi mai ganguna, musamman farantin tagullar da yake kaɗawa da hannun dama, domin a nan rausayar jaz take, wadda suke kira suwin: ba a raba bugu biyu daidai, na farkon yakan ɗan fi tsawo, na biyun ya zo a gajarce, sai kiɗan ya riƙa yin gaba kamar yana gangara. Idan za ka tafa, ka tafa a bugu na biyu da na huɗu. Kuma ka guji jin sa ta lasifikar waya, domin tana haɗiye bes, wanda shi ne ginshiƙin da kake nema. Abin sawa a kunne mai sauƙin kuɗi ma ya wadatar. A wajen wasa kai tsaye, al'ada ce a tafa wa kowane makaɗi da zarar ya gama fagensa, ba a jiran ƙarshen waƙa.

Game da tsarin da za ka bi, na fi son mutum ya fara da Blakey da Miles na 1958 da 1959, ya koma baya wurin Armstrong da Ellington da Holiday, sannan ya tunkari Parker, ya bar Coleman da Coltrane na ƙarshen rayuwarsa sai kunne ya ƙoshi. Wasu malaman sun fi son a bi tarihi daga farko bi da bi, kuma suna da hujja, amma ƙarar tsofaffin faya-fayai takan kori sabon shiga kafin ya kai ga abin da ke ciki.

Za ka ji wasu suna cewa jaz kiɗanmu ne na Afirka da aka kai can. Akwai gaskiya a ciki, amma ba na son a faɗe ta ta yadda za a tauye haƙƙin masu shi. Baƙar fatar Amurka ne suka ƙago shi, daga abin da kakanninsu suka tsira da shi da kuma kayan kiɗan Turai da suka tarar, a cikin wahalar da su suka sha. Abin da ya tabbata shi ne kiɗan ya juyo ya waiwayi Afirka, Afirka ma ta karɓe shi. Armstrong ya je Accra a 1956, ya zo Najeriya a 1960, har akwai hotonsa tare da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. Fela Kuti ƙaho ya koya a Landan, kuma da cakuɗa jaz da hailaif ya fara kafin ya kai ga salonsa, mai gangunansa Tony Allen kuwa ya koyi abubuwa da yawa daga faya-fayan Art Blakey da Max Roach. Mulatu Astatke ya haɗa jaz da karin kiɗan Habasha, Hugh Masekela da Abdullah Ibrahim suka yi nasu a Afirka ta Kudu. Makaɗan jaz da dama a Amurka sun karɓi Musulunci a shekarun 1940 da 1950, ciki har da Blakey da kansa, wanda ya ɗauki sunan Abdullah ibn Buhaina, da Ahmad Jamal mai piyano, da Yusef Lateef.

Lateef ɗin nan shi ya fi kusa da mu. Mai busa saksafon da sarewa ne, kuma daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Zariya a matsayin mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya yi nazarin sarewar Fulani. Bai ma son a kira kiɗansa jaz ba, yana ganin sunan ya rage masa daraja. Idan ka gama da “Moanin'” da “So What”, ka nemi faifansa “Eastern Sounds” na 1961, wanda ya yi shekara 20 kafin zuwansa Zariya, ka bi sarewar da ya buɗe shi da ita kamar yadda ka koyi bin ƙahon Miles.